Maryam Biyu, Fayil Ɗaya: Shekara Bakwai Bayan Kulu

Shekara bakwai ke nan da aka fitar da Kulu daga gidanmu na Mayo, can kudancin Khartum, aka kai ta makwancinta. Duk shekara in lokacin ya zagayo sai in ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fasa, don Hausarmu ta nan ta baki ce, ba mu saba zuba ta a takarda ba. Bana dai ba fashi. Masu karatu na Kano da Damagaram ku yi haƙuri da harshena, ya sha ruwan Nilu. Abin da ya zaunar da ni shi ne, watanni kaɗan da suka wuce ran wata mai ciki ya rataya a kan 'yan layuka da Kulu ta rubuta kafin ta rasu, kuma ni da hannuna na toshe hanyar da ke kaiwa gare su.

Kulu 'yar baffana ce, ɗaki ɗaya muka tashi. Iyayenmu mutanen kambo ne, wato bukkokin leburorin gona na Jazira, sun tsinci auduga har bayansu ya ranƙwafa kafin su tattaro su shigo birni. An haife ta da sikila. Rabin karatunta a kan gadon asibiti ta yi shi, amma ita ce ta fara shigo da kwamfuta layinmu, ita ce kuma ta rubuta manhajar da ƙaramin asibitin masu sikila na unguwarmu ke ajiye bayanan majiyyata a ciki. Wata biyar kacal ta ba ni, sai dai in kun ji yadda take mini faɗa za ku ce ita ta goya ni. A wurinta na koyi sana'ar, da tsawa da ranƙwashi.

Bari in yi wa wanda bai san aikin ba ɗan bayani. Manhaja rubutu ce, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da sunanta da aikinta. Wannan ta buɗe fayil ɗin majiyyaci, waccan ta nemo rukunin jininsa. Muna rubutun ne a cikin wata manhaja da ake kira edita. In ka buga haruffa biyu ko uku na sunan wata gaɓa, edita zai ƙarasa maka sauran, ka latsa maɓalli ɗaya ka wuce. A saman kowace gaɓa akwai wurin da mai rubutu zai bar sharhi. Kwamfuta ba ruwanta da sharhin nan, don ɗan Adam ake yin sa. Amma duk sa'ad da edita ya ƙarasa maka sunan gaɓa, sai ya ɗago sharhinta a cikin ɗan akwati daidai inda idonka yake. A cikin sharhin kana iya rubuta "duba kuma", ka sa sunan wata gaɓar, mai karatu ya latsa ya tsinci kansa a can.

Yawancin 'yan sana'armu ba sa son rubuta sharhi, ni ce kuwa shugabarsu. Kulu ba ta taɓa barin gaɓa tsirara ba. Da Larabci take rubutawa don abokan aiki su gane, amma inda Larabci ya kasa ɗaukar abin, sai ta jefa kalmar Hausa da haruffan boko, waɗanda ta koya wa kanta daga wasu tsofaffin littattafai da wani kawunmu ya kawo daga Kano. Kuma kusan kowane sharhi nata da "duba kuma" yake ƙarewa. Takan ce a Mayo ba a neman gida da lamba, da mutane ake nema. Ka tambayi mai burodi ya tura ka wurin tela, tela ya nuna maka ƙofar. Haka take so manhajarta ta kasance, duk wanda ya shigo ya sami mai tura shi gaba.

Wannan ne tushen yawancin faɗanmu. Ni in gama gaɓa uku, ita tana kan sharhin ta farko, tana goge kalma tana sake wata. Wata rana da yamma haushi ya ishe ni na ce, "Ke Kulu, wa zai karanta wannan jaridar taki?"

Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Wanda zai zo bayana."

"Ai ni ce bayanki, ga ni kuwa zaune kusa da ke."

"To ke ɗin nake rubuta wa, Jidda. Hannunki ya fi kanki sauri."

Na yi tsaki na tashi na haɗa mana shayi. A raina na ce ciwo ne ya sa mata wannan ƙaƙale.

Ta rasu wata Talata da hantsi, bayan ciwon ya kama ƙirjinta kwana huɗu. Aikin ya dawo kaina ni kaɗai. Watannin farko na sha wuya, ba zan ɓoye ba. In buga haruffa uku, sai ga maganarta ta taso a allo, da irin gatsenta, har da inda take cewa "kada ka yi wayo a nan". Sau da yawa nakan rufe kwamfutar in fita tsakar gida in yi kukana. A hankali ido ya saba, har ya zama akwatin na tasowa ina tsallake shi ba tare da na karanta ba.

Shekara biyu bayan rasuwarta na tafka kuskuren da nake son faɗa. Wasu baƙi masu tallafa wa asibitin suka ce za su duba manhajar. Kunya ta kama ni, na ga sunayen gaɓoɓin Kulu rabi Hausa rabi Larabci, na ce za su raina mu. Na zauna yini biyu na mayar da wasu sunayen Turanci, na kwashe gaɓoɓin da na ga ba a cika kiran su ba na tura su wani lungu. In ka sauya suna, edita yakan bi duk inda kwamfuta ke karantawa ya gyara. Akwai ɗan gurbi da za ka latsa in kana so ya gyara har cikin sharhi. Na gan shi da idona, na tsallake, don ina sauri. Baƙin suka zo suka yaba, na yi kwanaki ina hura hanci.

Sai yaƙi ya zo. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, kowane gida a garin nan yana da nasa. Asibitin Mayo ya rufe. Tsohuwar kwamfutar na naɗe ta cikin bargon Inna muka gudu da ita. Likitarmu, Daktora Nafisa, 'yar tsofaffin gidajen Hausawan Umdurman, ta samu ɗaki ɗaya a can ta ci gaba da duba marasa lafiya, tana yi musu rajista sabuwa a wata ƙaramar kwamfuta da babu tsohon tarihi a cikinta. Da hanya ta buɗe ta matsa Dar Salam, inda yawancin mutanenmu suka raɓe. Ni kuma da muka dawo na sauka unguwar Sahafa wurin wata ƙanwar Inna, don gidanmu na Mayo ba rufi. Ga kwamfuta biyu, ga tarihi biyu na mutane ɗaya, kuma haɗa su aikina ne.

Editan yau ba irin na zamanin Kulu ba ne. Nata kalma yake ƙarasawa. Na yanzu, in akwai wuta da layi, kana faɗa masa abin da kake so zai shimfiɗa maka gaɓa sukutum. Abokan aiki kan tambaye ni ko da Kulu tana raye za ta yarda da shi. Ba na ko shakka, da hannu biyu za ta karɓe shi. Mace ce da yatsunta ke kumbura har ta kasa riƙe cokali, duk harafin da aka rage mata sadaka ne. Amma na san ta. Kafin ta latsa ta amince da abin da ya rubuta, sai ta karanta shi sau biyu, ta taɓe baki, ta tambaya ko wannan mai wayon ya taɓa kwana a Mayo.

Wata Lahadi da safe Daktora Nafisa ta kira ni. Hausarta ta tsufa a bakin kakanninta, rabin maganarta Larabci ne. "Ya Jidda, ina da mai ciki wata takwas, jininta ya sauka ƙwarai. Yau ɗin nan nake so in ƙara mata. Haɗa mini fayilolin yanzu in ga tarihinta. Sunanta Maryam Isa Adam Musa." A nan Sudan suna huɗu ake rubuta wa mutum, nasa da na uba da na kaka da na uban kaka.

Na buɗe edita na faɗa masa buƙatata. Nan take ya zubo layuka goma tsaf. Duk fayilolin da suna huɗu da ranar haihuwa suka zo ɗaya, mutum ɗaya ne, a riƙe na baya-bayan nan a watsar da sauran. Wallahi ya yi kyau, ni ma da haka zan rubuta. Saura kawai in kira tsohuwar gaɓar Kulu mai haɗa fayiloli. Na buga haruffa uku, edita ya ƙarasa sunan, akwatin ya taso. Ban san abin da ya sa ranar na karanta ba, wataƙila don kwamfutar ta ɗan tsaya tana tunani. Ga abin da ta rubuta: "Suna huɗu da ranar haihuwa ba su isa a ce mutum ɗaya ne ba. Mutanenmu suna riƙo, kuma da yawansu ɗaya ga watan ɗaya aka haife su a takarda. Kafin ka haɗa, duba kuma: tantance uwa."

Ba a littafi Kulu ta karanta wannan ba. Wanda aka haifa a kambo ba shi da takardar haihuwa. Sai lokacin makaranta ya yi a kai shi likita ya dubi haƙoransa ya ƙiyasta shekara, a rubuta ranar farko ta watan farko. In yaron ɗan riƙo ne, baffan da ke riƙe da shi sunansa zai bayar a matsayin uba, don wa zai ce ɗan ƙanensa ba ɗansa ba ne? Ga shi kuma kowane ɗa yana son ya yi wa mahaifiyarsa takwara. Ni da Kulu haka muke. Ana yaye ni aka kai ni gidansu. A takarda dukanmu Hauwa ne, uba ɗaya, kaka ɗaya, rana ɗaya. Kulu da Jidda a gida kawai ake sanin su.

Na janye hannuna na shiga tsohuwar kwamfuta na nemi sunan. Maryam biyu suka fito, komai nasu ɗaya. A fayil ɗin ɗaya akwai jan layi. Tana 'yar shekara tara aka ƙara mata jini jikinta ya ƙi shi, har aka fid da rai, don haka kada a sake ba ta sai an yi gwaji na musamman an samo wanda ya dace, abin da ke cin kwanaki. Ɗayar an sha ƙara mata lafiya lau. A sabuwar kwamfuta kuwa Maryam ɗaya ce, wadda ke kwance a Dar Salam. Da na latsa maɓallin nan, da jan layin ya tafi har abada. Yanzu kuma tambaya ta rage, wacece a kwance? In mai jan layi ce aka ba ta jinin da ke hannu, za a iya rasa ta da abin da ke cikinta. In ɗayar ce aka tsaya jiran gwaji, an bar jininta yana ta sauka a banza.

Na latsa "duba kuma". Shiru. Edita ya ja layi a ƙarƙashin sunan ya ce bai san wata gaɓa mai wannan suna ba. Innalillahi! Ai ni ce. Tana cikin waɗanda na sauya wa suna na jefa lungu. Na zagi kaina da ƙarfi har ƙanwar Inna ta leƙo ta ce da wa nake faɗa. Ban ma tuna sunan Turancin da na laƙa mata ba. Na shiga ma'ajiyar tsofaffin kwafi ina bin sauye-sauyen shekara biyar ɗaya bayan ɗaya, zufa na zuba, batir na raguwa. Sai da aka kira azahar na same ta. Ashe tana karanta wani gurbi ne a fayil ɗin kowane majiyyaci, gurbin da allo ya daina nunawa tun ranar da na yi gyarana. A samanta ga sharhin Kulu: "Kada ka tambayi 'yar riƙo sunan uwarta. Wadda ta rene ta za ta faɗa, balle in tana zaune a wurin. Tambaye ta wa ya shayar da ita. Amsar nan ce a wannan gurbin."

Na buɗe gurbin. Mai jan layi, Asabe ce ta shayar da ita. Ɗayar, Hadiza. Na kira Daktora na karanta mata. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Alhamdulillah, halas, magana ta ƙare. Na riga na tambaye ta, sunan uwarta Hadiza, ga ta nan ma zaune kusa da ita. Mai lafiyar ce."

Na ce, "Daktora, don girman Allah kada ki rataya jinin nan. Ga ni nan zuwa."

"Ya Jidda, lokaci!"

"Ba ni awa biyu. Tambayar da kika yi ba ita ce tambayar ba."

Irin wannan magana ba a yin ta a waya, ba a kuma yin ta da Larabci a gaban mutane. Na ɗauki bas daga Sahafa, na sauya wata, muka haye gada, sannan na shiga raksha, keke mai ƙafa uku, har cikin gidajen ƙasa na Dar Salam. Na tarar da Maryam kwance, idanunta sun yi rawaya, leɓɓanta fari fat. Wata tsohuwa na zaune a gefen gadon tana mata fifita. Duk da saurina, sai da na durƙusa muka gaisa yadda ya kamata, na tambayi mai jiki, na tambayi gida da gajiya.

Sannan na ce, "Inna, ki gafarce ni, zan yi tambaya mai nauyi. Ni ma 'yar riƙo ce." Na juya wurin Maryam na sassauta murya. "'Yar'uwa, wa ya shayar da ke?"

Maryam ta juya fuskarta bango. Na san wannan shirun, ni ma na sha yin sa. Tsohuwar ta ajiye mafici ta dube ni, ta dube ta.

"Faɗa mata mana, Mairo. To, bari ni in faɗa. Asabe ce, matar ƙanen Malam maigidana, Allah ya ji ƙanta. Ana yaye ta aka kawo mini ita. Tawa Maryam ɗin tana Gadarif da mijinta."

Maryam ta ce cikin kuka, "Ni dai Inna ce uwata."

Tsohuwar ta dafa mata goshi. "Wa ya ce ba ni ba ce? Jini ake tambaya, ja'ira."

Tsohuwar ta tuna lokacin da aka fid da rai da Mairo tana ƙarama, amma ba wanda ya taɓa gaya mata jinin ne ya jawo. Ita a zatonta ciwon ne ya tashi kamar kullum. Daktora Nafisa tana tsaye a bakin ƙofa tana jin komai. Ta juya ta mayar da jakar jinin cikin firiji, ta ɗebi na gwaji ta aika. Kwana uku muka yi a tsaye, ana riƙe da Maryam da ƙarin ruwa da iskar oksijin, kafin a samo wanda ya dace. Jikinta ya karɓa. Bayan mako uku ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace.

Ni kuma na koma Sahafa na yi mako biyu ina bin kowane "duba kuma" na Kulu ina latsawa. Waɗanda na kashe da hannuna sun fi yadda na zata, kuma kowanne da na gyara sai na ji kunyar da ban ji ba a gaban baƙin nan. Na mayar wa gaɓoɓin sunayensu na asali. Wanda bai iya karantawa ba ya tambaya.

In na auna abin da ya rage na Kulu, a ido ba shi da yawa. Hotunanta sun tafi da gidan. Maƙabartar ta cika da sababbin kaburbura har mazanmu da ƙyar suke gane nata. Ba ta yi aure ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ta bari shi ne sanin mutanenta, ta kuma ajiye shi daidai inda hannun mai gaggawa zai yi karo da shi. Sabon editan ina aiki da shi kullum, ba na tsoronsa, ya fi ni sanin yadda duniya ke rubuta manhaja. Amma ba wanda ya taɓa gaya masa 'yar riƙo tana jin nauyin faɗin sunan wadda ta haife ta. Sai wani daga cikinmu ya zauna ya rubuta, yanzu kuma ni ce ke zaman. Ina kewarta ƙwarai, har da faɗan. Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta.

Da aka yi arba'in, Inna Hadiza ta kawo jaririyar asibiti da kanta don a yi mata rajista a gwada jininta, ranar kuwa ina can ina saka gyararriyar manhajar. Na tambayi sunan yarinya. Ta washe baki ta ce takwararta ce, Hadiza. Sannan ta ƙara da cewa an riga an gama magana, ana yaye ta za a kai ta Gadarif wurin ɗaya Maryam ɗin, don ita ma tana goyon tata Hadizar, wata huɗu tsakaninsu. "Su tashi ɗaki ɗaya, kamar iyayensu."

Daktora Nafisa ta dafe kai da hannu biyu ta ce, "Ya Hajja, ki ji tausayinmu!" Ni kuwa dariya ta kama ni har hawaye suka zubo, kuma ba duka na dariya ba ne. Na jawo kwamfutar na buɗe wa jaririyar fayil. Na cike suna, na cike ainihin ranar haihuwarta, na sauka gurbin nan na rubuta a hankali, harafi bayan harafi: wadda ta shayar da ita, Maryam 'yar Asabe.